Irin Dawar Yaya Bawa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana Bawa a bayan gidanmu a Zuru. Sikila ce ta ɗauke shi, bayan ta gama wahalar da shi tun yana goye.

Da ciwon nan ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Ya yi kwance, ya tashi ya koma gonar uban budurwarsa Saratu, har shekarun suka cika. Ana gab da biki coci ta ce sai an gwada jini. Aka ga Saratu ma tana ɗauke da ƙwayar cutar, magana ta mutu. Ta auri wani soja daga Mahuta. In na ga 'ya'yanta a kasuwa, ƙatti lafiyayyu, sai in kau da kai. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba.

Yanzu rediyo na cewa masana sun iya gyara ƙwayar gado tun kafin ciki ya kama, ta yadda ɗa da jika ba za su gaji cutar ba. Ƙasashe da yawa sun hana, wai kuskure ɗaya zai bi zuriya, kuma jikan da za a taɓa ba a tambaye shi ba. Suna da gaskiya. Amma ina kishin masu wannan muhawara, don wanda bai kwana a ɗaki ba bai san inda yake yoyo ba. Waninsu ya taɓa danna ƙafar ɗan'uwansa da ruwan zafi yana ihu?

Me Bawa zai ce? Wata kaka muna ware zangarniyar dawa ta iri, na jefar da wata 'yar ƙanƙanuwa. Ya tsince ta ya ce, "Ke Ladi, mi ta yi miki? In zaɓe za a yi, ai ni za a fara zubarwa."

To, Yaya, ga 'yata Rahila. Ita da saurayinta duka suna ɗauke da ƙwayar, fasto ya ce a sake tunani, shawarata Rahila ke jira. Da gyaran nan na hannuna, da na karɓa ko za ka yi fushi. Ba ya hannuna.

Dawarka muke shukawa har bana, manya da ƙanana a haɗe. Ita kaɗai ce zuriyar da aka bar ka ka bari.