Sha'aibu Mai Sandar Fasawa

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, idan ka bi Titin Koudoukou ka wuce 'yan canji, akwai wani lungu da ƙamshin katako ke tarar mutum tun kafin ya hango shagon. A nan Sha'aibu ya tsufa. Kakansa ya zo daga Damagaram da fatauci, mahaifinsa ya riƙe kantin atamfa, shi kuwa da aka zaunar da shi a kantin sai ya riƙa sulalewa wajen wani kafinta a unguwar Miskine da ke maƙwabtaka da su. Ƙafar kujera ya fara koyon juyawa a inji. Daga nan ya zarce zuwa sandar sunuka, wasan nan na tebur da ƙwallaye da mutanen Bangui ke kira bilyar, kuma atamfa ba ta sake ganinsa ba.

Sandar wasa ta yau da kullum bai damu da ita ba, yana cewa ta kanti ma ta isa. Iri biyu yake yi. Akwai sandar fasawa, doguwa mai nauyi, wadda ake bugun farko da ita a watsa ƙwallaye. Akwai kuma sandar tsallake, 'yar gajeriya marar nauyi, da ake sukar ƙwallo da ita daga sama ya yi tsalle ya haye wanda ya tare masa hanya. Ta fasawar ce abin alfaharinsa. Icen mukulungu yake sayo mata daga masu kawo katako daga dajin Lobaye, ya rataye shi a rufin shago har ya manta da shi, ya sauko da shi ya ɗan fere, ya sake mayarwa. A baki ya sa zoben ƙaho da fatar sa da aka jiƙa a madara aka matse ta yi tauri. A can ƙarshen mariƙi kuma ya huda rami ya cusa guntun rodi, gwargwadon ƙarfin hannun mai ita. Ramamme yakan samu ƙarfe fiye da ƙaƙƙarfa. Abin dariyar, Sha'aibu bai iya wasan ba ko kaɗan. In ya ɗauki sanda don gwaji, masu tebur kan yi saurin kare ƙyallen teburinsu.

Dattawan masallaci ba su taɓa son sana'ar ba. Sun ce tebur mashigar caca ce da ɓata lokaci. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce tun yana saurayi: abin da hannunsa ke yi bai taɓa cutar da ɗan Adam ba, ƙwallo ne ke shan bugu. Da wannan magana ya kare kansa gaban mahaifinsa, da ita ya auri Hureira, kuma a kanta yake barci cikin kwanciyar hankali. Mutum ne mai yawan son a yaba masa, wannan kam gaskiya ce, amma ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa.

Sai Disambar 2013 ta zo. Rikici ya ɓarke, garin ya rabu, Kilomita Biyar ta zama wurin da Musulmi ke fakewa, ba shiga ba fita. Gidajen Miskine da Sha'aibu ya sha ruwa a cikinsu suka koma kango. Manyan motoci suka riƙa kwashe maƙwabta zuwa Kamaru da Chadi. Shi bai tafi ba. Ya ce katakon da ke rataye a rufinsa ba ya son tafiya, zai lanƙwashe.

Da abin ya ɗan lafa, sai ciniki ya buɗe masa yadda bai taɓa gani ba. Samari na zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa sandar fasawa yake so, kowa kuma cewa yake a ƙara mata ƙarfe. Babu mai tambayar fatar baki, babu mai mirgina ta a kan benci ya ga ko ta miƙe. Sha'aibu ya ji daɗi ƙwarai. A ganinsa zaman kulle ne ya ishi yara, suka koma wa tebur, kuma ga shi a ƙarshe unguwa ta gane aikin gwani. Har ya fara yi wa Hureira bayanin yadda ido ke buɗewa a lokacin wahala.

Hureira tana tankaɗe ta saurare shi har ya gama.

"Malam, tebur nawa ya rage a unguwar nan?"

Ya fara lissafawa da baki, ya ga bai yi nisa ba.

"To a kan me suke bugawa?" in ji ta.

Ya ce mata ba ta san harkar ba, ya fice. Amma tambayar ta bi shi har shago.

Ba a daɗe ba Zayyad ya shigo. Ɗan ƙanwarsa ne, magidanci mai haya da babur, kuma kafin rikici babu wanda ya kai shi iya wasa daga unguwar Yakité har kasuwa. Da yake siriri ne, Sha'aibu ya yi masa sandar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce mafi kyau da ta taɓa fita daga shagon. Yanzu Zayyad yana cikin masu tsaron bakin lungu, cikin waɗanda ba su samu bindiga ba. Ya gaishe da Sha'aibu da yaren Sango, kamar yadda bakinsa ya fi sabawa, sannan ya ajiye sandar a benci.

"Kawu, ta ɗan tsage. A ɗaure min ita."

Sha'aibu ya duba baki tukuna, don nan ne sandar fasawa ke lalacewa. Fatar lafiya lau, ko alamar allin da ake goga mata kafin bugu babu. Tsagar tana can ƙarshen mariƙi, daidai inda ƙarfen yake, kuma ta gefe ta shiga. An wanke wurin sosai, amma katako yana shan abu, launin cikin tsagar ba na mukulungu ba ne.

"Faɗuwa ta yi?" ya tambaya.

Zayyad ya kalli ƙofa. "Kawu, ba ka fita. Ba ka san abin da muke gani ba."

"Mutumin ya tashi?"

"Ban tsaya ba."

Sha'aibu bai yi faɗa ba. Ya san su wa ke kwana a bakin lungu don shi ya kwana a ɗaki, kuma wannan sanin ya ƙara masa ciwon abin. Ya ce masa ya dawo jibi. Da Zayyad ya fita sai ya zauna ya riƙe sandar a cinya, yana jin nauyin da shi da kansa ya auna ya cusa mata. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Ya zare ƙarfen, ya sa zarto ya yanke mariƙin, ya fere abin da ya rage har ya zama sandar tsallake. Bai tsaya nan ba. Ya sauko da duk dogayen itatuwan da suka yi shekaru suna bushewa a rufi, ya bi su da zarto ɗaya bayan ɗaya. Hureira ta leƙo ta ga guntaye zube a ƙasa, ta koma ta aiko masa da kunu.

Zayyad ya dawo ya karɓi 'yar gajeriyar sanda, ya jinjina ta a hannu, ya ajiye ta a benci ya tafi. Bai sake shigowa shagon ba, ko da yake suna gaisawa a masallaci. Sauran samarin ma suka ɗauke ƙafa. Wasu sandunan suna can a hannunsu, kuma Sha'aibu ba shi da yadda zai yi ya dawo da su.

Bayan wasu shekaru hanya ta buɗe, kasuwa ta sake cika, aka shimfiɗa wa tsofaffin tebura sabon ƙyalle. Sha'aibu ya koma gyaran kujeru, yana yin sandar tsallake jefi-jefi ga mai so. Wanda ya nemi ta fasawa sai ya ce masa ya daina, in aka tambayi dalili ya ce katako ya yi wuya.

Mutanen Miskine da sauran unguwanni suka dawo sayayya, wasu har lungunsa suke kawo gyara. Yana tarbarsu da fara'a, ya ba su benci, ya tambayi iyali. Sai dai tun daga lokacin ya samu wata ɗabi'a da Hureira kaɗai ta lura da ita. Duk baƙon da ya zauna ya cire hula don zafi, Sha'aibu yakan tashi kamar zai ɗauko wani abu, ya zagaya ta bayan baƙon, ya duba ko akwai tabo a kansa.