Ginshiƙi na Tara

Nicanor Chuc ba ya cinye wainar masararsa ta safe. Kullum sai ya rage gefe, ya marmasa wa kifayen nan masu ratsin baƙi da rawaya da ke ƙarƙashin gadar jiragen ruwa ta ƙauyen Xcalak, waɗanda ake kira saje. Ba yunwa suke ji ba, gansakuka da ƙananan halittun ruwa sun ishe su. Shi ma ya sani.

Sana'arsa kankare ginshiƙan gadar da ƙasan kwale-kwale. Yana ɗan shekara talatin, wata rana ya nutse ya tarar da ƙwan saje shimfiɗe a jikin wani ginshiƙi, launin shunayya. Namijin ne ke gadi, ya rine ya koma shuɗi, yana yi musu fifita. Nicanor ya sa ƙarfe ya kankare su. Kifin da bai kai tafin hannu ba ya yi ta cizon yatsunsa har aka gama, sannan ya dinga kewaya wurin da babu komai.

Ya fito yana ba da labari yana dariya. Doña Remedios mai suyar kifi ba ta taya shi ba.

"A wajensu uba ne ke tsayawa, ka ce?" Ta juya kifi a kasko. "To, madalla. Yaya Marisol? Na ji ta fara tafiya."

Marisol 'yarsa ce. Wata takwas ke nan da ya baro ta da uwarta a garin Chetumal, bai waiwaya ba.

Daga ranar yake rage waina. Chetumal kuwa tafiya ce ta motar safe ɗaya kawai. Sau biyu ya sa farar riga ya je tasha, ya dawo gida. Haka shekara talatin ta wuce.

Bara Marisol ta aiko cewa ta haihu, in yana so ya zo. Ya ce da ya gama gadar zai tafi. Ya kankare ginshiƙai takwas. A na tara ya tarar da ƙwai.

"Haba Don Nica, tsohon kawai," in ji Remedios, ita ma ta tsufa. "Kifi ne zai hana ka ganin jika?"

"Kwana biyar ne su ƙyanƙyashe," ya ce, idonsa a kan ruwa.

Suka ƙyanƙyashe. Wata macen ta zo ta sake zubawa, ya sake jira. Bai yi kama da wanda jiran ya dama ba.

Ya rasu da damina, farar rigar a goge, rataye a ƙusa. Ginshiƙi na tara yana nan da gansakukarsa.