Busar da Dogo Rafali Bai Yi Niyya Ba

A Bungudu idan ka ce Malam Sama'ila sai a tambaye ka wanne, amma idan ka ce Dogo Rafali, ko mai tallar fura za ta nuna maka ƙofar gidansa. Malamin firamare ne, shekara ashirin da shida yana fama da alli da allo. Sai dai ba aji ne ya fito da sunansa ba, filin ƙwallo ne. Tun yana saurayi ya gane ƙafarsa ba ta ƙwallo ba ce, duk abin da ya buga sai ya nufi gonar mutane. Da ya ga haka sai ya sayi usur, ya haddace dokokin wasa, ya zama alƙali. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Ba a taɓa cewa an saye shi ba, ba a taɓa ganin ya tsorata da ihun 'yan kallo ba. Ya taɓa ba ɗan yayarsa jan kati, yayar ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa.

Kowace shekara 'yan kasuwar hatsi na Gusau suna sa kofi, ƙungiyoyin Gusau da Tsafe da Bungudu su fafata. Shekara goma sha ɗaya a jere Dogo ne ke busa wasan ƙarshe. Ba a ma tattaunawa a kai. Alhaji Bello, shugaban kwamitin gasar, yakan aiko masa da saƙo ne kawai a kan rana da lokaci. Wannan wasa na shekara sau ɗaya shi ne rawanin Dogo, kuma ya fi ƙaunarsa a kan duk wata takardar yabo da aka taɓa ba shi a makaranta.

Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ba ya rufuwa. A fili, da an yi minti ashirin za ka gan shi yana gudu baki buɗe, ana jin hakinsa daga bakin layi. A gida kuma minshari. Matarsa Mansura ta ce ta daina gane tsawar damina saboda sabo. Kullum yakan tashi da maƙogwaro a bushe, harshe kamar soso, sai ya shanye moɗar ruwa kafin muryarsa ta fito. Da shekaru suka kai hamsin da biyu, hakin ya ƙaru, gudun ya ragu. Ya fara yanke hukunci daga nesa, abin da a da yake zagin wasu a kai.

Sai ga Bashar Yelwa. Bashar tela ne a bakin kasuwar Bungudu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, kuma Dogo ne da kansa ya koya masa alƙalanci shekaru goma sha biyar da suka wuce. Shi ya nuna masa inda ake tsayawa a bugun kwana, shi ya koya masa a naɗe igiyar usur sau biyu a wuyan hannu, a riƙe usur a tafi, kada a kai shi baki sai an ga laifi da ido. Duk tsawon shekarun nan Bashar yana bakin layi da tuta, kuma Dogo yana son sa ƙwarai, irin son da ake yi wa mutumin da ba a zaton zai taɓa wuce ka.

Bara aka shirya wa alƙalan wasa kwas na kwana uku a Gusau. Dogo ya ƙi zuwa, ya ce me yaran da aka haifa a gabansa za su koya masa. Bashar ya hau babur ya je. Da ya dawo ya zo har zaure da murnarsa.

"Malam, wani abu munka koyo," in ji shi. "Sun ce mutum shi saba da numfashi ta hanci, ko gudu yaka yi, ko kwana. Hanci shi ka tace iska, shi jiƙa ta, maƙoshi ba shi bushewa. Amma sai a hankali, da tahiya aka farawa. In kana so mu riƙa hita tare da sahe."

Dogo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Bashar, kwana ukku kay yi Gusau har ka dawo koya min numfashi? Shekara hamsin da wani abu mi nika yi, riƙe shi nika yi?"

Bashar ya yi dariya, ya ba da haƙuri, ya tafi. Bai sake tayar da maganar ba.

Wata takwas bayan nan sai labari ya fara shigowa gidan Dogo ta kowace kafa. Wai an ba Bashar wasa a Ruwan Bore, ya yi minti casa'in bai buɗe baki ba sai don magana. Wai yana tare da ƙwallo duk inda ta je, kamar an ɗaura masa ita. A majalisar mai shayi aka ce fuskarsa ko yamutsewa ba ta yi. Dogo yana jin wannan sai shayin ya yi masa ɗaci. Ya daina zuwa duk wasan da aka ba Bashar, kullum da uzurin da zai kawo. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa daga ɗakinsa ya fito. Mansura ta dawo daga suna, tana cire mayafi ta ce, "Ashe Bashar ya bar minshari? Matarsa Fatima ta ce yanzu har taɓa shi takai ta ji ko yana da rai."

"To ki koma gidansu mana ki sha barci," in ji Dogo.

"Daga magana? Ni dai cewa niy yi ka tambaye shi."

Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Dogo ya san kishi ne, kuma sanin bai rage masa komai ba. Yana alwala yana tunanin Bashar, yana rubutu a allo yana tunanin Bashar. Mutumin da bai san bambancin bugun tazara da na fenareti ba sai da aka zana masa a ƙasa da tsinke, yau shi ake yabo a gabansa, har ana juyowa ana cewa, "Malam, ɗalibinka hwa ya yi nisa." Shi kuma dole ya washe baki ya ce madalla.

Da gasar bana ta zo, Alhaji Bello bai aiko da saƙon da ya saba ba. Kiran taro ya yi, ya ce bana za a duba. Bashar zai busa wasan kusa da na ƙarshe a Bungudu, Dogo ya busa ɗayan a Tsafe, wanda kwamiti ya fi gamsuwa da shi a ba shi na ƙarshe. Dogo ya ce ba komai, ya koma gida bai ci tuwo ba.

Tambayar Bashar kam ba za ta yiwu ba. Sai ya koma leƙe. Bayan sallar asuba ya riƙa zagayawa bayan katangar filin makaranta, inda wani gefe ya rushe, ya tsaya yana kallon Bashar na motsa jiki. A nan ya ga abin da ya ɗauka shi ne sirrin. Bashar yana zagaya fili da usur a baki, leɓɓansa sun kama shi gam, iska na shiga da fita ta hanci, usur ɗin ko ƙis bai yi. Dogo ya kaɗa kai. Ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan, toshe baki da usur. Ya manta da maganar farawa da tafiya, ya manta da wata takwas, ya manta da dokar da shi da kansa ya koyar. Kwana tara ya rage, ya gwada sau uku a tsakar gida, zagaye biyar biyar, ya ga ai ba wuya.

Ranar wasan Tsafe fili ya cika har kan katanga, 'yan garin Bilbis ma sun zo mota biyu. Taurarin Tsafe ne da Matasan Gusau. Dogo ya busa farawa, ya bar usur a bakinsa, ya datse leɓe. Minti goma sha biyar na farko lafiya lau, har yana satar kallon rumfar da Alhaji Bello ke zaune ko ya lura. Daga nan ƙirji ya fara nauyi. Hancin da bai saba da aiki ba ya ƙi wadatar da shi. Ya riƙa cire usur a ɓoye yana haɗiyar iska, ya mayar. Bayan hutun rabin lokaci idanunsa suka fara ganin taurari, amma da ya tuna Bashar sai ya ƙara cije usur.

Saura minti goma sha biyu, babu ci, aka tsinka wa Khalid, ɗan gaban Tsafe, wata doguwar ƙwallo. Ya wuce masu tsaron baya, ya rage daga shi sai gola. Dogo ya zuba da gudu daga tsakiyar fili, gudun da ya fi ƙarfinsa. Iskar da ya danne ta nemi hanya, ta fito ta baki gaba ɗaya, ta bi ta cikin usur. Ƙarar ta cika fili. Gola ya saki jiki ya tsaya, Khalid ya tura ƙwallo cikin raga.

Wuri ya kaure. An busa kafin ƙwallo ta shiga, ba ci ke nan. 'Yan wasa suka yanyame shi suna tambayar laifin me. Dogo ya dubi bakin layi, Muhammad Sani mai tuta yana tsaye, tutarsa a ƙasa. Da ya ɗaga hannu ya ce satar gida, da an yi ihu an gaji, gobe a ce ganin alƙali ne. Ya san haka, kuma zuciyarsa ta raya masa. Amma shekara ashirin da biyu bai taɓa ƙaga wa ɗan wasa laifi ba.

"Ba ka yi komi ba," ya ce wa Khalid, yana haki. "Kuskurena na. Usur ɗin ya kuɓuce min."

Ya saki ƙwallo aka ci gaba. Minti biyar bayan haka Gusau ta ci, aka tashi ɗaya da nema. Ledojin ruwa suka yi ta sauka a bayansa har ya kai wurin babur. Alhaji Bello kafaɗarsa kawai ya dafa, kuma Dogo ya gwammace a zage shi.

Washegari da la'asar Bashar ya yi sallama a zaure. Dogo ya so ya ce a ce ba ya nan, sai dai takalmansa na bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Bashar ya ce, "Malam, na gane ka bayan katanga. Na so in yi magana, kunya ta hana ni." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon usur baƙi, gefensa a tsage. "Wanga nika sa wa baki in ina gudun sahe, don shi tuna min in ruhe baki. Ba shi ƙara, ya mutu tuntuni. Cikin wasa ko, hannu nika riƙewa, yadda kac ce."

Dogo ya karɓa ya juya shi. A jikinsa akwai harafin S da aka ƙarce da ƙusa. Nasa ne na farko, wanda ya ba Bashar ranar da ya fara riƙe tuta. Ya daɗe yana kallonsa. Ya so ya ji sanyi a ransa, kuma ya ɗan ji, amma kishin yana nan inda yake, bai matsa ko'ina ba. Ya san yanzu wasan ƙarshe na Bashar ne. Ya miƙa masa abinsa ya ce, "Allah shi ba da sa'a ran Asabar."

Tun daga ranar Dogo yake fita bayan asuba, shi kaɗai, ta hanyar gona inda ba zai haɗu da kowa ba. Tafiya kawai yake yi, baki rufe, idan ya ji ƙunci ya tsaya ya huta. Mansura ta ce minsharin yana nan, amma ta lura ba ya shanye moɗar da safe.

Ranar Asabar ya je Gusau. Kwamiti ya ba shi kujera a rumfa, ya ƙi, ya shiga cikin 'yan kallo ya tsaya. Bashar ya fito tsakiyar fili, igiyar usur naɗe sau biyu a wuyan hannunsa. Yana tsayawa a bugun kwana daidai inda aka zana masa da tsinke, yana nuna hannu yadda Dogo ke nunawa, har ɗan karkata kan da yake yi kafin ya zaro kati. Minti casa'in bai yi kuskure ɗaya ba, kuma Dogo ya nema da gaske.

Ana shirin tashi wani dattijo a gabansa ya ce wa na kusa da shi, "Kai, wanga alƙali ya iya aiki. Wa ya koya mai?"

"Kwas yay yi nan Gusau," in ji ɗayan. "Kwana ukku kacal."

Dogo ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya tuna a nan ma wani zai iya juyowa ya gane shi, ya ce ga mai busar Tsafe. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya ja iska ta hanci a hankali, ya tafi neman inda ya ajiye babur ɗinsa.