Awarar Inna da Kwamfutar Laburare

Ni dai ba son karatu ne ya fara kai ni laburaren makarantarmu ba, fanka ce. A duk makarantar nan ne kaɗai aka sa wa sola, shekarar da muke aji biyar. Aka jera kwamfutoci, aka lulluɓe su da atamfa kamar kayan ɗakin amarya. Sai an cire takalmi ake shiga, mu uku-uku a kan kwamfuta ɗaya, kuma ni ke riƙe linzamin, don ba ni da haƙurin kallon wata tana lalube.

Mai kula da wurin wata Malama ce 'yar Tangale, mai sanyin magana har ya ba ka haushi. Kome ka karanto mata daga intanet, tambayarta ba ta sauyawa: wa ya faɗa, yaushe, shi kuma a ina ya ji? Na taɓa ce mata, "Malama, ga shi fa a rubuce." Ta ce, "Ai ke ma kin iya rubutu, 'yata." Na yi tsaki a ciki.

Innarmu awara take yi a gida, a unguwar Bagadaza da ke Gombe. Da ita muke ci, da ita nake zuwa makarantar. Tun asuba a kai waken suya inji, a tace, a dafa, ta zuba ruwan tsamin kamu, ta ɗaure a ƙyalle ta danne da dutse. Kafin la'asar zaure ya cika da masu kwanuka.

Kwatsam wani bidiyo ya shiga wayoyin matan unguwa. Wani mutum yana tuttula ruwa daga jarka cikin farin abu mai kauri, ga muryar mace a kai tana salati, wai ruwan batir ne masu awara ke zubawa a Gombe, a yaɗa saboda Allah. Cikin 'yan kwanaki zauren ya yi tsit. Inna ta soya ta jera, mu ci da rana, mu ci da yamma, har muka fara ƙin ganin yaji. Kullum sai rage wake take yi.

An hana mu shiga makaranta da waya, sai na tura wa Malama bidiyon daga wayar Inna. Washegari ta nuna mini yadda ake tsayar da shi a ciri hoto ɗaya, a ba kwamfuta ta nemo inda ya taɓa fitowa. Netuwok yana ta juyi, ni ina ta buga ƙafa.

"Zauna. Ba ya jin faɗa," in ji ta.

Da ya buɗe, ga bidiyon nan, an ɗora shi shekaru da suka wuce a wata ƙasa can daban, kuma ya fi namu tsawo. A ƙarshensa aka yayyanka farin abin, aka buga masa tambari, aka naɗe a takarda. Sabulu ne. Na yi ihun da sai da aka leƙo daga ajin kusa.

Na sa aka buga mini shafin a takarda, na shiga gida-gida da ita. Turanci ne zalla. Matan su karɓa, su juya, su ce, "Kai, boko ya yi daɗi, Allah ya yi albarka." Wata ma fifita gawayi ta yi da ita ina tsaye. Ba wadda ta aiko sayen awara.

Na koma wa Malama a fusace, na ce mutanenmu ba sa jin gaskiya. Ta ce, "Takarda ce ta kai musu labarin?" Na ce a'a, murya ce. Ta ce, "To koma ki tambaye su wa ya turo musu."

Haka na sake bin gidajen. Wannan ta ce waccan, waccan ta ce guruf ɗin Islamiyya, na can suka ce guruf ɗin biki. Duk inda na bi, wuri ɗaya nake ɓullewa: Goggo, yayar babanmu da ke unguwar Shamaki. In ta yi magana a dangi an gama, kuma ba saƙon da ke kwana a wayarta.

Na kai mata awara da zafinta, na durƙusa na gaishe ta, gaisuwar ma a gurguje.

"Goggo, ke kika yaɗa bidiyon batir?"

"Ke, rasa kunya, haka ake tambayar manya? An ce duk wanda ya tura ya ceci rai."

"Kin ceci rai, kin kashe kaskon Inna."

Ta saki baki. Ashe ko kusa ba ta kawo Inna a ranta ba, ita a ganinta wasu masu awara ake nufi, can wajen kasuwa. Na kunna mata cikakken bidiyon. Ta matso da wayar dab da hancinta har aka zo wurin naɗewa.

"Sabulu! Innalillahi. Danna mini abin maganar nan."

Ta yi sallama mai tsawo, ta gai da kowa da iyalinsa, ta ce ita ce ta turo, kuma sabulu ne, 'yar ƙaninta mai ilimin kwamfuta ta gano. Sannan ta ja kwanon, ta dangwali yaji, ta ce, "Ga ta matar ƙanina nan ina ci, ku ji da kunnenku." Ta tauna musu a cikin waya, ba kunya.

Ba a rana ɗaya suka dawo ba. Masu kwanuka suka fara ɗiɗɗigowa, wasu na wayancewa wai dama tafiya suka yi. Ranar da Inna ta ce in ƙara wake a jiƙo, na yi mita, don ni ce mai ɗaukar bokiti zuwa inji. Ta ce, "Mai ilimin kwamfuta, a yi sauri kafin layi ya yi tsawo." Na ɗora bokitin a ka, yana zubo mini a wuya, na fita ina dariya.