Rantsuwar da Na Ƙi Yi a Kan Hoton Riɗi

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ajiye Alƙur'ani a gabana a zauren dagacin wani ƙauye ta wajen Maruta, aka ce in dafa in rantse a kan hoton da na ɗauka da hannuna, na ce ba zan rantse ba.

Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya jiya, ku saurara. Ni ban yi boko ba. Na fara ɗaukar hoto a Birnin Kudu tun Jigawa tana sabuwar jiha, zamanin fim ɗin da ake sa wa kyamara, lokacin da muke ba direban motar Kano ya kai a wanke mana. Na sha rana, na sha zagi, an taɓa fasa mini kyamara a wajen taro. Da fim ya mutu ban bi shi kabari ba. Na sayi kyamara mai kati da tsohuwar kwamfutar hannu, na koyi danna su da ido.

Ga wanda bai san aikin ba, irin kyamarar nan tana ajiye hoto iri biyu. Akwai dafaffe, wanda ta riga ta sa masa launi, sai bugawa. Akwai ɗanye, wato hasken da ya shiga cikinta kawai, ba a gyara komai ba. Ɗanyen ba ya ganuwa sai wata manhaja ta buɗe shi, kuma kowace manhaja da irin hannunta. Wata ta ƙara ja, wata ta kwantar da haske. Kamfanin da ya ƙera kyamara yana da nasa haɗin launin, bai ba sauran sirrinsa ba, su ma sai su yi nasu. Kamar ka ɗebi gero daga buhu ɗaya ka raba wa gida biyu ne. Kunun da zai fito ba zai zama ɗaya ba, kuma babu wadda ta yi maka ha'inci. Ni ɗanye nake ɗauka idan aikin mai muhimmanci ne.

Wata damina, wani manomi mai suna Malam Habu ya zo shagona. Riɗi ya shuka, kuma shi ne duk abin da ya dogara da shi a shekarar. Maƙwabcin gonarsa, Alhaji Isyaku mai motocin haya, ya sa an yi feshin maganin ciyawa ranar da ake iska, feshin ya tsallaka iyaka. Habu ya kai ƙara wajen dagaci, yana son hoto kafin ganyen ya zube.

Na hau babur na je da hantsi. Na ɗauki gonar daga iyaka zuwa ciki. Na dawo na buɗe da manhajar da ta zo tare da kyamarar, na buga. Ganyen ya fito rawaya kamar an zuba masa kurkum. Habu ya ga hoton ya ce, "Yauwa. Haka yake."

A irin wannan shari'a ta sulhu, abin da aka ba wannan sai an ba wancan. Alhaji ya ce shi ba takarda yake so ba, ainihin abin da ke cikin kyamara yake so. Dagaci ya aiko in ba shi. Na kwafa masa ɗanyen na ba shi. Ya ba direbansa ya kai Kano aka buga masa a wani shago.

Ranar zama zaure ya cika. Aka shimfiɗa hotuna biyu a kan tabarma, gona ɗaya, ɗauka ɗaya. Nawa rawaya. Na Kano ya fito kore kore, a dushe, kamar riɗin da ya ɗan ji ƙishi kawai.

Alhaji ya ɗaga nasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gaskiya daga cikin injin. Wancan kuwa fenti ne. Mai hoto ya koma marini."

Aka yi dariya. Habu ya miƙe ya ce, "Naka ne aka rina a Kano! Wa bai san aikin mutanen Kano ba?"

Dagaci ya tsawata. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Sale, maganar ba ta da tsawo. Ka yi alwala ka dafa, ka ce naka shi ne ainihin launin gonar. Ka rantse, na yanke hukunci da shi."

Habu ya matso kusa da ni ya ce, "Ka rantse mana, Sale. Ai ka gani da idonka."

Na gani da idona, gaskiya ne. Ganyen ya lalace. Amma ba a kan wannan aka ce in rantse ba. An ce in rantse launin takardata shi ne na Allah, na Kano kuma ƙarya. Wannan ban san shi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba."

Zaure ya ɗauki hayaniya. Alhaji ya ce, "Kun ji ko? Ya tsorata!"

Na ce, "Alhaji, ban tsorata da kai ba. Ban rina nawa ba, kuma ba a rina naka ba. A ba ni wuri."

Na ciro kwamfutar daga jaka na ɗora a kan tabarma. Na buɗe hoton da wata manhaja dabam, wadda ba ta kamfanin kyamarar ba. Da farko ya fito rawaya, don kyamara tana liƙa ɗan ƙaramin dafaffe a jikin ɗanyen, shi ake fara nunawa. Kafin a ƙifta ido manhajar ta yar da shi ta yi nata, ganyen ya koma a dushe. Hannuwana suna sama, kowa yana gani.

Wani tsoho ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi. Akwai mai aiki a ciki."

Wani ya ce, "To Baba, a ba shi Alƙur'anin shi ya rantse."

Dagaci bai yi dariya ba. Ya ce, "To wanne ne gaskiya?"

Na ce, "Hasken gaskiya ne. Launin kuwa ra'ayin wanda ya buɗe ne. In kana so in rantse na je gonar, na ɗauka, ban taɓa komai ba, yanzu zan yi alwala. Amma launi, a'a."

Habu ya ce, "Ka kashe ni, Sale. Ni na kawo ka."

Na ce, "Ka kawo ni in ɗauki hoto ne, ba ka kawo ni in shiga wuta ba."

Ganyen ya riga ya zube a lokacin, zuwa gona ba zai nuna komai ba. Na ɗauka Habu ya faɗi ke nan, kuma na san da ni za a kwana a baki. Duk da haka ban janye ba.

Sarkin noma yana zaune a gefe tun ɗazu. Ya miƙa hannu aka ba shi hotunan biyu. Ya kai su bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ni ban san launin inji ba. Amma a duka biyun ganyen ya nannaɗe, kan tsiron ya lanƙwashe. Kuma na bakin iyakar Alhaji ya fi na ciki lalacewa. Ƙishi ba ya zaɓar gefe. Feshi ne."

Ya miƙa wa Alhaji hoton Kano, nasa na kansa, ya ce, "Duba naka."

Alhaji ya duba. Dagaci ya yanke cewa Alhaji ya ɗauki nauyin ɓarnar, aka yi addu'a aka tashi.

Kada ku zaci an yaba mini. Habu ya samu haƙƙinsa, amma har yau in muka haɗu a kasuwar Gwaram sai ya kau da kai. Ya ce na tsayar da shi a bakin rami. Alhaji kuma ya hana direbobinsa zuwa shagona. Labarin da ya bazu a ƙauyukan nan guntu ne: mai hoton da ya ƙi rantsuwa a kan hotonsa. Bukukuwan wajen duk suka koma hannun wasu. Wani abokin sana'a ya ce mini da shi ne da ya dafa kawai, tunda dai Habu ke da gaskiya. Na ce masa shi ya sa ba shi aka kira ba.

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Mutane suna so hoto ya zama shaidar da ba ta da baki biyu, kuma za su matsa maka ka ce haka ne. Kada ka ce. Ka tsaya a kan abin da ka sani, ka bar abin da inji ya zaɓa. Tun daga lokacin, duk hoton shaida da zan ɗauka sai na ajiye farin ƙyalle da lafiyayyen ganye a gefen abin da ya lalace. Duk manhajar da za ta buɗe, tare za ta juya su, bambancin yana nan.

Ina Birnin Kudu har yanzu, shagona yana nan kusa da tasha. Idona ya rage, gemuna ya yi fari. Idan gona ta lalace daga Wurno har Maruta, ni ake zuwa ɗauka a babur, har waɗanda suka zage ni. Kuma babu wanda ya sake ajiye mini Alƙur'ani.