Jirgin Kawu Lirwanu Yana Jin Ƙishirwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 15 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Kawu Lirwanu, tela a garin Gummi, bayan gajeriyar jinya.

Kawu, ina shelantawa ba tare da shakka ba cewa garin nan ya yi rashin haziƙin da bai san darajarsa ba. Tun da matarka Inna Safara'u ta rasu, gidanka ya yi tsit. 'Yarka tilo, Hamida, tana aure a ƙetaren gulbi, idan damina ta kankama kuwa sai ruwa ya raba ku. Kwalekwalen haya ana danƙara masa lodi fiye da kima, kai kuma ka ƙi amincewa da wannan ganganci. Sai ka aika Yawuri aka kawo maka yankakkun katakai, kowanne da alamarsa, haɗe da ƙusoshi da kwalta, ka duƙufa harhaɗa naka jirgin a tsakar gida.

Na dawo daga jami'a babu aiki, abokaina sun watse birane, ni kaɗai nake zuwa in riƙe maka katako. Muna cusa auduga tsakanin katakai, ina yi maka sharhin siyasar duniya, kai kana cewa, "Awo, Malam Murtala. Miƙo guduma."

Damina ɗaya ka tuƙa shi. Ka tsallakar da mai naƙuda da masu zuwa jana'iza, ba ka taɓa tambayar ko ɗan gidan wane ne ba. Da ruwa ya janye aka dawo da shi ƙarƙashin darbejiyarka, kana kwarara masa ruwa safe da yamma don kada katakan su bushe su tsage. Gambo mahauci ya leƙo yana dariya: "Kawu, yaushe saniyar taka za ta haihu?" Ka ce, "Ƙishirwa garai, Gambo. Ranar da kab biɗi ƙetare, ka zo da dariyar taka."

Yanzu zafin bazara ya tsananta, bakin jirgin ya fara darewa. Na ji wasu dangi suna shawarar a mayar da shi kwamin dabbobi. Ina adawa da wannan ra'ayi, kuma a rubuce. Ni nake shiga gidan da bokiti, babu ƙarar keken ɗinki, babu mai amsa sallama. Roƙona ga magada shi ne a yi mini haƙuri har gulbi ya kawo. Zan tuƙa shi da hannuna in damƙa wa Hamida, domin saboda ita aka buga kowace ƙusa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hamida da mijinta da sauran dangi. Allah Ya jiƙan Kawu Lirwanu, Ya yafe kurakuransa, Ya haɗa shi da Inna Safara'u a Aljanna. Yadda ya tsallakar da bayin Allah lafiya, Allah Ya tsallakar da shi Siraɗi. Amin.