Ranar da Baba Ishaya Ya Gyara wa Matarsa Waƙa

Shekaruna sun yi nisa a aikin gashin ƙashi, amma akwai wata Talata da har gobe ba ta fita daga raina ba. A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani asibiti a Dutse, ban daɗe da kama aiki ba.

Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne koya wa jiki abin da ciwo ya mantar da shi. Idan aka turo mana mai shanyewar ɓarin jiki, mukan buɗe masa kati, ya riƙa zuwa sau biyu a mako. Bayan mako shida shugabar sashe za ta duba shi. In babu cigaba, sai a koya wa iyalinsa atisayen da za su riƙa yi masa a gida, a ba wani gurbinsa, domin layi yana da tsawo.

Baba Ishaya kafinta ne, Kirista, kuma shi ne shugaban mawaƙa a cocinsu. Hawan jini ya kayar da shi a shagonsa, ya shanye masa hannu da ƙafar dama, ya tafi da maganarsa. Kalma ɗaya tak ta rage masa: "Lafiya." Ka tambaye shi ina ke ciwo, lafiya. Ka lanƙwasa masa gwiwa har ya yi hawaye, lafiya. Matarsa, Mama Rifkatu, ita ke kawo shi a adaidaita. Takan ce tun da suka yi aure bai taɓa barinta ta ci gardama ba sai yanzu, don haka ba ta gaggawa. Mu yi ta dariya. Amma na taɓa tarar da ita a bayan ƙofa, ta rufe fuska da gyale tana addu'a, kafaɗunta na rawa.

Mako shida ya cika, Baba bai yi ko taku ɗaya ba. Gaskiya ya karaya. Idan na ce ya ɗaga ƙafa sai ya juya fuska bango. Safiyar Talatar nan Hajiya, shugabar sashenmu, ta karanta katinsa, ta ce in shirya takardar sallama kafin ta gama da sauran marasa lafiya. Na roƙi ƙarin mako biyu. Ta ce ba ta ƙi ba, amma in nuna mata dalili a jikinsa, ba a bakina ba.

Ina zaune ina cike takardar, Mama Rifkatu tana murza masa hannun da man zafi. Ta gane abin da ake ciki. Sai ta kama wata waƙar coci a hankali, waƙar dogara ga Ubangiji a lokacin wahala. To, Mama mutumiyar kirki ce, amma Allah bai ba ta murya ba. Inda ya kamata ta hau sai ta sauka. Na ga Baba ya juyo daga bango yana hararar ta. Ta ci gaba abinta. Da ta sake ɓata wurin nan, sai ya daki gado da hannun hagu, ya buɗe baki ya rera baitin tun daga farko har ƙarshe, kowace kalma a fili.

Biro ya faɗi daga hannuna. Mama ta durƙusa tana kuka tana dariya, tana cewa, "Na gode Yesu. Baban Dauda, ashe baƙin halinka bai shanye ba."

Hajiya ta shigo ta ji da kunnenta. Ita ta bayyana mini cewa hanyar waƙa daban take da ta magana a ƙwaƙwalwa, wani lokaci ciwo yakan toshe ɗaya ya bar ɗaya. Ta karɓi takardar sallamar ta jefa a aljihun tebur, ta ce, "An ba ka mako huɗu. Amma ka sani ba ɗakin biki muka buɗe ba."

Daga ranar muka koma atisaye da waƙa. Ni Musulmi ne, ban san waƙoƙinsu ba, sai na riƙe masa ƙugu ina buga ƙafa, Mama tana bayarwa, shi yana gyara mata yana taku. Sannu a hankali ya fara ɗora kalmominsa a kan karin waƙar. Jimlarsa ta farko ba godiya ba ce. Ya dubi Mama ya rera cewa a ƙara gishiri a miya. Ta ce likita ya hana, in ya ga dama ya rera har Kirsimeti.

Hannun bai dawo ba. Shagon ya koma hannun ɗansa Dauda, kuma wani ne yake jagorantar mawaƙa yanzu. Amma ya tashi da sanda, maganarsa ta dawo da ɗan tsinkewa. Ranar da muka sallame shi na tambaye shi yadda ya ji a watannin da bakinsa ke rufe. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin ya ce, "Ɗana, na yi fushi da Allah. Na gaya masa, a zuci. Bai kore ni ba. Wanda ya sha wuya a kan gicciye ya san ciwo."

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Katin da muke buɗewa yana tambayar shekaru da nauyi da ɓarin da ya shanye, amma babu layin da ke tambayar me mutum yake rayuwa dominsa. Ni yanzu wannan tambayar nake fara yi wa iyali, kafin in taɓa ƙafar kowa.